Launin Ruwa

Ƙarfe biyun dare a asibitin Vigo,
yayyafi na lasar taga tun magariba.
Daga ni sai gahawar da ta huce,
sai kan Brais Lourido a fuskar kwamfuta,
an yanka shi faifai-faifai,
ɗari da hamsin da shida, ba jini ko ɗigo.

Ina zagaye ƙarin da linzami,
faifai bayan faifai,
kamar mai shata iyakar gonar gado
tsakanin 'yan'uwan da ba sa ga-maciji.
Nan ƙari ne. Nan kumburi.
Nan kuwa, inda toka ta gauraya da toka,
wa ya sani ko sunan matarsa ne a kwance?

Na'urar ta ga kawuna dubu huɗu kafin nasa.
Ba ta san hannunsa na hagu ya fara sakin cokali ba.
Abin da take ƙirgawa idona bai kai ba:
kaushin gefe, laushin ciki,
yadda haske ke dushewa daga ɗigo zuwa ɗigo.
Da wannan take hasashen
abin da ke rubuce a ƙwayar halittar ƙarin,
tun wuƙa ba ta taɓa fata ba.

Ta yi shiru na daƙiƙa arba'in,
sannan ta ce: tamanin da uku cikin ɗari,
irin mai tafiyar hawainiya ne.

Na tashi wanke kofi.
Sha bakwai ɗin da suka rage
suka biyo ni har bakin famfo.

Da safe ya zo da rigar ulu mai ƙanshin gishiri da man inji,
Sabela na riƙe da hularsa a cinya.
Na juya musu fuskar kwamfutar, na yi bayani.
Ya ce, "Ta taɓa shi?"
Na ce a'a.
"Ta sansana?"
Na ce kallo kawai.

Ya yi dariya da rabin baki,
ɗaya rabin ya makara.
"Shekara arba'in da ɗaya ina fita bayan tsibiran Cíes,
ban taɓa ganin kifi kafin in jefa taru ba.
Launin ruwa nake karantawa,
da inda tsuntsaye suka yi cincirindo,
da wani maiƙo-maiƙo da ke kwanciya a sama kafin asuba.
Ruwa ba ya tsami banza, likita."

Na ce, sau nawa kake dacewa?
"Ya isa na biya bashin jirgi,
na kai yara uku makaranta."
Sauran ranakun fa?
"Sauran ranakun Sabela ta dafa dankali."

Sabela ba ta yi dariya ba.
Ta murza bakin hular, ta sake murzawa.
"Likita Uxía, cikin dubu huɗun nan,
nawa ne suka koma gida?"

Ina da adadin.
Yana cikin wata takarda, shafi na tara, layin ƙasa.
Na ce zan duba.

Ranar Alhamis za a shiga tiyata.
Tsoka kamar ƙwayar shinkafa za ta sauka ɗakin gwaji
cikin kwalba mai lamba,
kwana goma kafin ta buɗe baki
ta gaskata na'urar ko ta ƙaryata ta.
Kan Brais zai zama na dubu huɗu da ɗaya
ko ta wace hanya maganar ta faɗi.

Da na tashi aiki ban nufi gida ba.
Na ajiye mota a bakin tashar jirage,
na tsaya inda masunta ke ɗinkin taru,
na zuba wa tekun ido har takalmana suka jiƙe.
Toka-toka ne, wani wajen ya fi wani duhu.
Tsuntsaye uku na shawagi can hagu.
Wani dattijo ya ɗaga kai, ya dubi inda nake duba,
ya kira yaronsa, ya ce a kwance igiya.